Reshen Abaji a Ƙarshen Yuni

Ƙas. Ƙarar makunnin rediyo ce, wadda yake yi idan an murɗa shi har ƙarshe. Ina zaune a bakin ƙofar kicin ina tsintar shinkafa na ji ta, sai muryar mai karanta labarai ta yanke a tsakiyar magana. Maigidana ba ya kashe rediyo ana labarai. Ko baƙo ne ya yi sallama, rage murya kawai yake yi, ya amsa gaisuwa, kunne ɗaya na can. Na ajiye farantin na leƙa falo, na same shi zaune hannunsa har yanzu a kan rediyon.

Abin da ake karantawa ba sabo ba ne, wata ma'aikata ce ta gama kwaso kayanta daga Legas. A shekarar nan labarin ke nan kullum, tun da gwamnati ta taso ta dawo Abuja. Mu da muke Abaji, a bakin hanyar Lokoja, ba sai an ba mu labari ba. Ta gabanmu ƙaurar take wucewa. Tireloli ɗauke da kabad-kabad na ƙarfe, kujeru an kifa su ƙafa sama, katifu an ɗaure da igiya, duk sun nufi cikin birni. Ba su tsayawa sai in direba zai sayi doya.

Maigidana shi ne manajan banki ɗaya tilo da ke garin. Ƙaramin reshe ne, kanta ɗaya, benci biyu, da ɗaki na ciki inda babban akwatin ƙarfe na ajiyar kuɗi yake. Gidan da muke ciki ma na bankin ne, a bayan ginin. Shi ba ɗan jami'a ba ne. Daga akawu ya fara a Kaduna, ya yi ta hawa a hankali har aka ba shi wannan reshen, kuma yana ji da shi yadda manomi yake ji da gonar da ya share da hannunsa.

Na ce, "Maigida, lafiya?"

Ya ce, "Malama, zo ki zauna."

Malama yake ce mini idan zai tsokane ni da takardar sakandarena. Ranar babu tsokana a muryarsa.

Washegarin dawowarsa ke nan daga taron manajoji a sabon ofishin bankin da ke Wuse. Ya ce an buɗe wani sashe a can, samari ne a ciki da kwamfuta, da ƙatuwar taswira a bango. Kowane reshe an zana masa da'ira, kuma girman da'irar gwargwadon kuɗin da mutane suka ajiye a reshen ne. Ta Wuse kamar faifai. Ta Garki ma ba laifi. Tamu kuwa, sai da ya matsa kusa kafin ya gan ta.

"Nazarin kasuwa suke kiran abin," in ji shi.

Na ce, "To sun zo ranar kasuwa sun gani?"

Ya ɗan yi murmushi. Ya ce ba irin wannan kasuwar ba. A wurinsu kasuwa ita ce yankin da mutane suke kai ajiya, da yawan abin da kowane banki ya samu a ciki. Inda ajiya ta yi kauri, a ƙara reshe. Inda ta yi siriri, a ce babu kasuwa, a rufe, a kai ma'aikata da kaya inda ake bukata. Kuma yanzu ko'ina a cikin birni ana bukata.

"Rana guda suka ɗauka," ya ce. "Ranar ƙarshe ta watan Yuni. Abin da ya kwana a reshe ranar, shi ne darajar reshen."

Ko ni da ba na shiga banki na san Abaji a watan Yuni. Lokacin ne kuɗin gari gaba ɗaya yake gona. Manomi ya cire ya sayi taki, ya biya 'yan ƙwadago, tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba. Shekarar kuma Babbar Sallah ta faɗo cikin watan, maniyyata sun kwashe nasu sun tafi, sauran sun sayi raguna. Idan kana son ganin kuɗin Abaji, ka zo bayan an haƙe doya, lokacin da motoci suke layi tun daga bakin kasuwa, maigidana ba ya samun shigowa cin abincin rana.

Ya ce ya gaya musu haka. Sun saurare shi da ladabi. Wani daga cikin samarin ya ce kowane reshe a rana ɗaya aka auna shi, don kada a ce an fifita wani. Na juya maganar a raina, ban ga inda yaron ya yi ƙarya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Akwai kuma wani abu. 'Yan garin da suka samu kwangilar kai yashi da tsakuwa wuraren gine-gine, duk a Wuse suka buɗe asusu, saboda cek ɗin ma'aikatun gwamnati idan aka kawo shi Abaji sai ya yi makonni kafin ya zama kuɗi. Mutum a nan aka haife shi, a nan iyalinsa suke, a nan yake kwana, amma kuɗinsa yana can yana kumbura da'irar Wuse. A kan taswira, Abaji garin matalauta ne.

"Sun yanke?" na tambaya.

"Sun ce ba su yanke ba. Za a turo wani ya duba reshen."

Iyakar abin da aka gaya masa ke nan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa masa ba. Tun aurenmu zuciyata ba ta kwanta da maganar kuɗin ruwa ba. Mahaifina ma sai da aka sha fama da shi kafin ya yarda da mai aikin banki. Shekara da shekaru, bayan kowace salla, nakan roƙi Allah Ya musanya wa maigidana da abin da ya fi alheri. A ranar nan, da na tashi sallar la'asar, na zo wurin wannan addu'ar, sai bakina ya yi nauyi. Ban san ko amsar ce ta taho ba, ban kuma san ko ina da ƙarfin karɓarta ba.

Magana ba ta ɓuya a ƙaramin gari. Saƙon zuwan baƙon ya iso reshe, ma'aikata suka ji, kafin Juma'a kowa ya san babban mutum zai zo daga hedkwata. Maƙwabciyata, wata dattijuwa dillaliyar doya da nake kira Mama, ta shigo ba ko sallama, da kayan cocinta a jiki. 'Yar asalin garin ce, Hausarta ba ta damu da namiji ko mace ba, kuma tun ranar da muka tare take kirana Amaryar Banki, ga ni da 'ya'ya uku.

"Amaryar Banki, an ce za su ɗauke mana banki. Manaja ta sani?"

Na ce ba a yanke ba tukuna, Mama.

Ta zauna a kan turmi ta buga cinya. "Ni dai ba zan koma ɗaura kuɗi a ciki ba. Tsohuwa da ni, in shiga mota, yara suna cewa a ba mai ciki wuri!"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ba ni labarin yadda suke yi kafin a buɗe reshen. Su ɗaura cinikin doya a ƙugu su bi hanya mai nisa, ga daji, ga masu tare hanya. Ƙanin mijinta har ya mutu bai ƙara jin magana da kunnen hagu ba, saboda dukan da ya sha a wannan hanyar. Malaman makaranta kuma su rufe aji su tafi karɓar albashi.

Mutanen garin suna da hanyarsu da suka gada, kuma ba ta taɓa ba su kunya ba. Idan babban mutum zai zo yanke magana, tarbarsa ake yi. A kafa rumfa, a yi kiɗa, a tara yara da tsofaffi, a ciyar da shi, a cika masa mota. Ya ga mutane da idonsa, ya ci abincinsu, sai ya ji nauyin hana su. Da haka suka samu rijiyar burtsatse, da haka suka samu ɗakin shan magani. Dattawa suka zo wurin maigidana da yamma, Musulmi da Kirista da masu bin na gargajiya, na shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gida, ina jin su ta taga.

Ya ce musu, "Ranku ya daɗe, waɗannan ba taro suke dubawa ba. Lamba suke dubawa."

Wani tsoho mai sanda ya ce, "Manaja, lambar ce za ta zo, ko mutum?"

"Mutum ne, Baba."

"To mutum yana da ido. Yana kuma da ciki."

Aka yi dariya, aka ce shi ke nan. Ina jin maigidana ma yana so ya yarda da su. Ni dai na yarda.

Jiran ya yi tsawo. A cikinsa ne ƙananan abubuwa suka fara faruwa, irin waɗanda ba ka iya kai ƙara a kansu. Ya nemi sababbin littattafan ajiya daga hedkwata, ba a aiko ba. Mai fentin da aka ce zai zo ya sabunta allon bakin ƙofa bai zo ba. Kashiyarsu ta tafi hutun haihuwa, ba a turo madadinta ba. Kowanne idan ya faɗa mini sai ya haɗa da uzuri, wai ƙaura ce ta rikita su, wai takardu sun maƙale tsakanin Legas da Wuse. Ni kuma in ce haka ne. Na fara azumin Litinin da Alhamis, ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Ruwa yana ta zuba, tireloli suna ta wucewa, fitilunsu a kunne da rana tsaka saboda hadari.

Ranar da aka sa ta zo daidai da fitowar sabuwar doya. Tun safe aka kafa rumfa a gaban bankin. Aka kwaso bencuna daga coci, aka kawo tabarmi daga masallaci. 'Yan makaranta suka jeru da kayan makaranta wankakku. Makaɗa suka zauna a gindin mangwaro suna gasa fatar ganga a wuta don damina ta sa ta saki. Mama ta shirya mata, kowacce da littafin ajiyarta a hannu, suka yi layi tun daga kanta har bakin titi, ko abin da za ta saka bai kai kuɗin cefane ba, don baƙo ya ga banki yana da jama'a. Ni aka bar wa girki. Na yi sakwara da miyar agushi yadda Mama ta koya mini, na kuma tuƙa tuwon shinkafa ko da baƙon bai saba da sakwara ba.

Doguwar mota baƙa ake jira. Har rana ta kusa tsaka ba ta zo ba. Sai wata a-kori-kura ta tsaya a gefe, wani saurayi ya fito da riga mai gajeren hannu, tare da wani dattijo mai kayan aikin gini. Ba wanda ya kula su, mai gadi har yana cewa su matsa gaba ana jiran baƙi. Saurayin ya ce manaja yake nema, daga hedkwata yake. Kafin ya rufe baki ganguna sun tashi.

Ina kallo daga ƙofar gidanmu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ya waiga baya kamar wani ake yi wa. Aka kama hannunsa aka zaunar da shi a kujera mai laushi, aka yi addu'a ta Musulmi, aka yi ta Kirista, aka yi jawabai, yara suka yi waƙa. Aka jawo farin rago, aka nuna masa tulin doya. Da aka ce ya yi magana, ya miƙe yana murza hannu, ya ce ya gode, ya gode ƙwarai, zai isar da saƙo. Aka tafa kamar ya yi alkawari.

Daga nan ya shiga ciki shi da dattijon. Na bi su da ruwan sha a tire. Bai kalli layin matan ba, bai nemi a buɗe masa littafi ko ɗaya ba. Ɗakin ciki suka wuce. Dattijon ya zaro tef ɗin awo, suka auna faɗin akwatin ƙarfen, suka auna tsayinsa, suka dawo suka auna ƙofa. Dattijon ya girgiza kai, ya je ya ƙwanƙwasa bangon da ke kallon waje da bayan yatsa, yana saurare.

Mama ta leƙo daga layi ta gani. Ta juya ta ce wa mata, "Kun gani? Awo yake yi. Za su ƙara mana gini!" Wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka, har waje.

Na kalli maigidana. Yana tsaye a bayan kanta, bai kalli kowa ba. Na ajiye tiren a kan benci.

Bayan maigidana da saurayin sun yi azahar tare suka shigo falo. Na jera abinci na koma bakin ƙofa. Saurayin mai tarbiyya ne, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Sannu da aiki, Hajiya," ko da yake ban je Makka ba a lokacin. Ya yanki sakwara ya riƙe a hannu bai kai baki ba.

"Yallaɓai," ya ce, "wallahi na ɗauka an sanar da ku."

Maigidana ya ce, "Ci abinci."

"Ni ba daga sashen nazari nake ba. Taswirar nan ko ganinta ban taɓa yi ba. Ni na sashen kaya ne. Akwatin aka turo ni in duba yadda za a fitar da shi, ana son sa a sabon reshe a cikin birni. An sa hannu tun kafin watan nan ya kama."

"Na gane tun da na ga tef. Ci abinci, matata tun asuba take kansa."

Ya ci loma ɗaya. Daga waje ana jin ganguna.

"Yallaɓai, me zan ce wa mutanen nan?"

"Ka riga ka faɗa. Ka ce ka gode."

"Ragon fa? Da doyar? Ba zan iya ɗauka ba, haramun zan ci."

"In ka bar su, ka zage su. Ka tafi da su, ka yi sadaka in ka ga dama. Faɗar kuma ni zan faɗa, ni na zauna da su."

Can maigidana ya tambaya, a hankali, kamar maganar wani yake yi, ko an ce wani abu game da ma'aikata. Saurayin ya sunkuyar da kai kan kwano. Ya ce ya ji an ce za a duba. Ba sai ya ƙara ba. Mun riga mun san sababbin rassan birni masu digiri ake ba.

Suka tafi da la'asar, ragon a tsaye a bayan mota kan doya, yara suna bin su da gudu suna ɗaga hannu.

Cikin makon maigidana ya je ya sanar da dattawa. Ban san yadda ya faɗa ba, ya dai dawo bai ci abinci ba. Na yi zaton Mama za ta zo da faɗa. Ta zo, amma wannan karon ta yi sallama. Ta zauna, sannan ta ce, "Amaryar Banki, sakwarar nan ta yi laushi kuwa? Ko ragon ne ya yi ƙarami?" Da gaske take tambaya. Tana neman inda suka kuskure ne. Na ce Mama, ba abin da ya rage, an gama magana tun doya tana ƙasa. Ta ce, "To don me ya ci?" Na kama hannunta, mu biyu muka yi ta hawaye a kan doya da rago da akwatin ƙarfe.

Wasu suka kwashe ajiyarsu. Waɗanda suka bari aka ce an mayar da asusunsu wani reshe mai nisa, in suna so su bi shi can. Na tuna da taswirar, na ce a raina to baɗi kuɗin nan ma wata da'irar zai ƙara wa girma, a ce ai daman an faɗa.

Ranar da mota mai ƙugiya ta zo ɗaukar akwatin, kaka ta kama sosai. Motocin doya sun cika bakin kasuwa, 'yan kasuwa daga kudu suna ta ciniki, kuɗi yana yawo a gari ba inda zai kwana. Aka fasa bangon, aka ɗaura wa akwatin sarƙa, aka ɗaga shi sama yana juyawa a hankali. Mutane suka tsaya a nesa suna kallo. Na hango Mama a cikinsu, zanenta ya yi tudu a ciki. Maigidana ya miƙa makullai, ya sa hannu inda aka nuna masa. Aka ce ya zauna a gida har a samo masa gurbi, gidan kuma muna iya zama zuwa ƙarshen shekara.

Washegari ya tashi yadda ya saba. Ya yi wanka, ya sa kaftaninsa gogagge, ya kafa hula, ya soka biro a aljihun gaba. Ya sha koko. Manyan yaran suka tafi makaranta. Shi kuma ya zauna a falo da takalmi a ƙafa, yana fuskantar ƙofa. Hantsi ya yi, yana nan. Na shiga na fita, na shiga na fita.

Ina wanke-wanke autarmu, wadda ba ta isa shiga makaranta ba, ta zo ta ja mini zane. Na sunkuya, ta kawo bakinta kusa da kunnena don kada ya ji.

"Umma, Abba ya shirya tun ɗazu. Wa zai gaya masa an rufe?"